Malama Me-ka-gani da Kujerar Laraba

"Inna, don girman Allah ki rufa mini asiri. Wannan maganar ba taki ba ce."

"Ta wa ce? Ta maƙwabta?"

"Kwamitin iyaye ne ya zauna ya yanke hukunci. Ni mutum ɗaya ne a ciki."

"Mutum ɗaya mai hannu biyu, kuma ka ɗaga ɗaya. Kai, Auta! Matar da ta kama wannan hannun ta koya masa riƙon fensir, da shi ka yarda a fitar da ita daga ajinta? Da ka bar shi a aljihu mana, ko ka yi kamar kana susar ƙeya."

Ɗan autana ke nan, akawu a wani ofis, uban 'ya'ya, tsaye a bakin ƙofar ɗakina yana ta murza makullin babur. Ya ji labarin zan je taron makarantar da 'yarsa ke karatu, shi ne ya zo hana ni.

"Inna, ki fahimce ni. Jarrabawa ta kusa. Masu duba jarrabawa ba ruwansu da mai faci ko mai shara. Yaran wasu makarantun haddacewa suke yi, kuma suna ci."

"Aku ma haddacewa yake yi. Ka taɓa jin an ɗauke shi aiki?"

"To in kin je me za ki ce? Turancin kike ji?"

"Ba na ji. Amma rashin mutunci, da kowane yare aka yi shi, ina ganewa. Zan je. In na dawo kuma zan rubuta, duniya ta karanta."

"Da wane rubutun?"

"Da wanda na koya a ajin manya. Inda ya karkace, 'yarka ta miƙe shi."

To, na je, na dawo, ga shi ina rubutawa.

Masu karatu, wadda ake wannan rigimar a kanta ita ce Malama Me-ka-gani, malamar Turanci ta aji biyar a makarantar da ke tsallaken titin gidanmu. Zangon karatu ɗaya ya rage mata ta ajiye aiki, aka fitar da ita daga ajinta. Mutane na cewa ina da gulma. Ni ban san wannan ba. Na dai san tagata tana kallon titi, kuma Allah bai toshe mini kunne ba. Daga wannan tagar nake ganin matar nan tun gashinta baƙi wuluk, har yanzu da furfura ke leƙowa ta gefen ɗankwali.

Kullum ita ke riga mai gadi gama hamma. Tana tahowa ta gefen kwata a hankali, tana ɗan jan ƙafar hagu saboda gwiwar da ke damunta, da wata tsohuwar jaka a kafaɗa wadda ba ta taɓa rufuwa. Abin da ke cikin jakar nan, sai wanda ya gani. Yau albasa ce, gobe kwaɗon ƙofa mai tsatsa, jibi gashin kaza ko takalmin da ya yi baki. Akwai ranar da na hango wutsiyar busasshen kifi ta leƙo. Da farko na zaci ko matar nan tana da 'yar taɓuwa ne, har na ɗan faɗa wa mutum biyu uku. Ashe kayan aiki ne. Za ta ɗora abin a tebur, ta ce wa yara su kalla, su taɓa, su sansana, sannan ta nuna yaro da alli ta ce, "Me ka gani?" Ya faɗa da Turanci, ko da ɗingishi ne. Daga nan sunan ya manne mata.

Nahawu kuwa, wanda sauran malamai ke koyarwa da bulala da ɓacin rai, ita da gudu take koyar da shi. Kusurwoyin ajinta suna da suna: akwai kusurwar jiya, akwai ta yanzu, akwai ta gobe. Za ta faɗi jimla da Turanci, yara su ruga kusurwar da maganar ta faru. Wanda ya ruɗe ya ci karo da 'yan'uwansa a tsakiyar aji, a yi dariya, a sake. Wani lokacin ta rataya musu kwali a wuya, wannan shi ne suna, wancan aikatau, wancan siffa, su jeru su zama jimla. In suka manta da aikatau sai ta riƙe haɓa ta ce, "Wayyo, wannan jimlar gurguwa ce, ku nemo mata ƙafa." Daga tagata nake jin ihunsu. Jikata, 'yar Auta, wadda nake kira Ƙawata, ita ta koya mini waɗannan sunayen, don ni a ajin manya ba mu kai nan ba.

Bari in gaya muku yadda ake koyar da insha'i kafin yaro ya faɗo hannunta, don ku san abin da ake so a maido mana. Ƙawata tana aji huɗu ta shigo mini da takarda, an yi mata babban maki da jan biro. Wai an ce kowa ya siffanta kakarsa. Na gyara zama, na ce fassara mini. Ta fara: "Kakata doguwa ce, fara, mai sanyin hali. Tana zaune a ƙauye. Tana da lambu da farar kyanwa. Ba ta taɓa ɗaga murya."

Na ce, "Ke, wannan kakar wa ce?"

Ta ce, "Ke ce mana."

Ni da in na tsaya bayan ganga ba a ganina! Ni da aka san muryata har bakin kasuwa! Kyanwa kuwa, in ta shigo gidana da muciya nake raka ta. Na ɗauki mayafi na shiga maƙwabta, na tarar su ma kakarsu doguwa ce, fara, da farar kyanwa. Duk yaran ajin nan kakarsu ɗaya. Har da yaron da kakanninsa suka rasu tun ba a haife shi ba, shi ma tasa tana nan lafiya a cikin lambu. Daga wani bugaggen littafi malamin ya kwafa a allo, suka haddace.

A ajin Malama Me-ka-gani ba a wannan. Ita kujera gare ta, ta katako mai hannu, a gaban allo. Duk ranar Laraba takan gayyato mutum ɗaya daga unguwa ya zauna a kai. Tela ya zauna, mai kitso ta zauna, mai wankin mota ya zauna. Yara su kalle shi, su yi masa tambayoyi da ladabi, sannan kowa ya rubuta shi da Turanci. Dokokinta kaɗan ne amma ba ta sassautawa. Ba a rubuta "mai kyau", ba a rubuta "mummuna", wai waɗannan kalmomin malalata ne, sai dai ka faɗi abin da idonka ya gani. Ba a dariyar baƙo. In an gama kuma sai an karanta wa baƙon abin da aka rubuta a kansa, a fassara masa, in akwai inda aka yi masa ƙarya ya ce bai yarda ba. Daga nan ta gyara kurakuran da jan biro, ta lilliƙa takardun a bango har wata Larabar.

Ku je ku tambayi mai facin bakin titi. Ƙato ne, mai faɗa da direbobi daga safe har yamma. Ya ce mini da ya zauna a kujerar nan gumi ya rufe shi, gara masa ya cire tayar tirela. Wata yarinya ta rubuta cewa farcen babban yatsansa ya tsage gida biyu, kuma in yana neman inda tub ɗin taya ya huje yakan kai shi kusa da leɓensa, don leɓe ya fi hannu jin iska. Aka fassara masa. Ya ce, "Inna, matata ba ta san ina haka ba. Ni kaina ban san ana ganina ba." Takardar tana nan a rumfarsa cikin leda, sama da injin iska. In direba ya cika masa ciki, sai ya nuna ta ya ce, "Kai an taɓa rubuta ka da Turanci?"

Akwai kuma wata ma'aikaciyar jinya da ta yi mini allura lokacin da hawan jini ya kwantar da ni. Da ta ji unguwarmu sai ta tambaye ni ko Malama na nan da rai. Ta ce har yau in ta tsaya kan marar lafiya za ta rubuta wa likita bayani, sai ta ji muryar matar nan a kunnenta: kar ki ce mini jikinsa ba daɗi, gaya mini me kika gani.

Ni ma na zauna, kar ku ce na ɓoye. Na sha ado, na shafa turare, na kama bakina kamar mutuniyar kirki. Bai hana wani ɗan banzan yaro rubuta cewa duk lokacin da wasu suka wuce ta bayan taga suna magana, kan tsohuwar nan yakan karkata can, ko da idonta na kallon gaba. Malama ta ce, "Inna, kin yarda ko ba ki yarda ba?" Na ce ban yarda ba. A daidai nan wasu malamai biyu suka wuce suna ƙus-ƙus, kaina ya bi su. Ajin ya kusa fashewa don riƙe dariya. Ƙawata kuwa ta rubuta cewa kakarta gajera ce, tafin hannunta kaushi gare shi, kuma in tana yi maka faɗa hannun yana cikin kwano yana zaɓo maka nama. Wannan ban ce ban yarda ba.

To, yanzu ku ji abin da ya kawo mu nan.

Wanda ya kafa makarantar ya rasu, ɗansa ya gaji kujera. A gabansa Mai Makaranta ake ce masa, a bayansa Ɗan Gado. Da zuwansa ya yi wa katanga fenti, ya kafa sabon allon suna, ya sa aka jibgo bugaggun littattafan insha'i masu sheƙi. Ajin Malama kaɗai ne ba a buɗe su ba.

Wata Laraba ta gayyato mai kwasar shararmu. Kun san irinsa, a kowace unguwa akwai shi. Kullum da safe yana ƙofar gidanka da baro, amma in ka haɗu da shi a kasuwa ba za ka gane shi ba, don ba ka taɓa ɗaga ido ka kalli fuskarsa ba. Ni kaina sai bayan wannan abin na san yana da wushirya. Ya tambayi Malama ko ya aro riga, ta ce a'a, ya zo yadda yake aiki. Ya wanke hannu da fuska tas, ya jingine baronsa a gefen aji, ya zauna a bakin kujerar, hula a gwiwa.

Ƙawata ta ce yara sun tambaye shi tabon da ke cike da hannunsa. Ya ce kwalba ce. Mutane kan zuba fasasshiyar kwalba cikin shara ba su naɗe ba, shi kuma da hannu yake kwasa. Tun ranar, in kofi ya fashe a gidanmu, yarinyar nan sai ta naɗe shi a takarda kafin ta zubar, har ni take yi wa faɗa.

Suna cikin rubutu Ɗan Gado ya zo wucewa da wasu baƙi, miji da mata masu ƙamshi, yana zagayawa da su don su kawo ɗansu. Ya ci karo da baro. Ya leƙa aji. Mai gadi ne ya ba ni wannan ɓangaren, ya ce kar in faɗa wa kowa, ni ma ga shi ban faɗa wa kowa ba sai ku. Ya ce Ɗan Gado ya daka tsawa: "Wa ya shigo mini da wannan ƙazantar? Nan makaranta ce ko bola? Kai, tashi ka fice!" A gaban yara. Dattijon da ya yi sa'ar ubansa. Bawan Allah ya miƙe, ya rusuna, ya ce, "A gafarce ni, ranka ya daɗe," ya ja baronsa ya fita. Wata yarinya ta fashe da kuka.

Malama ta bi Ɗan Gado da ido. Da ya wuce da baƙinsa sai ta juya ga yara ta ce, "Ku share hawaye. Lokaci bai ƙare ba. Ku rubuta abin da kuka gani."

Suka rubuta. Rabin takarda mai shara, rabi Mai Makaranta. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya ce mummuna, ai doka ta hana. Wani ya ce jijiyar wuyansa ta tashi kamar igiya. Wata ta ce yawu ya fito daga bakinsa ya sauka kan littafinta. Wani ya ce da baƙon ya rusuna, hularsa ta faɗi, ya ɗauka bai kakkaɓe ba. Malama ta bi su da jan biro ta gyara musu nahawu, ta liƙa a bango kamar kowace Laraba.

Washegari Ɗan Gado ya karanta kansa a bango, takarda bayan takarda. Tabɗi! Aka tara kwamitin iyaye, wai ta yi amfani da yara ta ci mutuncin shugabanta, wai tana shigo da gayyar titi makaranta. Aka ɗaga hannuwa, har da na Autana. Aka cire ta daga aji biyar, aka kai ta ɗakin ajiya.

Na je na gan ta a can. Ɗaki ne mai taga ɗaya, cike da karyayyun benci da tsofaffin taswira da ɓera ya ci gefensu. An ce kar ta kira yara, kar ta tsaya da su. Tana zaune da jakarta a cinya. Na ce, "Malama, yau me kika kawo?" Ta buɗe, ashe lemun tsami ne. Ta yi murmushi ta ce hannunta ne ya saba, sai da ta iso ta tuna. Ta bangon muna jin aji biyar suna rerawa baki ɗaya bayan wani sabon malami, wai labarin ranar da suka je bakin teku. Yaran da ko kogi wasunsu ba su taɓa gani ba! Ta karkata kai tana saurare, leɓenta na motsi, tana gyara musu furuci ta cikin bango.

Abin da take so bai taka kara ya karya ba. A bar ta ta ƙarasa wannan zangon da yaranta, ta raka su har ƙofar jarrabawa, sannan ta tafi gida. Saboda wannan aka sake kiran taro, wai za a duba maganarta.

Kafin in shigar da ku ɗakin taron, bari in sauke nauyin da ya sa na ɗauki biro, don in na fara wancan labarin raina zai ɓaci in manta.

Malama, Ƙawata ta gaya mini kin yi musu alkawarin Larabarki ta ƙarshe ke za ki zauna a kujerar su rubuta ki. Tunda ni ma ɗalibar taga ce, bari in gwada nawa, da dokarki.

Ke ce mai farin alli a gefen zani, daidai inda kike goge hannu. Ke ce mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Yatsanki na tsakiya yana da kanta, kuma jan tawada ya zauna a ciki, sabulu ya gaji ya bar shi. In yaro yana lalubar kalma, kina ɗaga gira ki buɗe baki kaɗan, kamar ke ma kina taya shi ɗauka, amma ba ki faɗa masa sai ya kamo da kansa. In za ki duba aikin yaro ba ki kiransa teburinki, ke kike zuwa ki durƙusa a gefen bencinsa, da wannan gwiwar, in za ki tashi sai kin dafa. Ke ce kika gaishe da mai shara da hannu biyu. Uwar masu ido, mai buɗe bakin yara da yaren da ba nasu ba. Ban ce mai kyau ba, kin gani. In akwai inda na yi ƙarya, ki ce ba ki yarda ba.

Mun gode. Na gode a madadin mai faci da tela da mai kitso, da duk wanda ya zauna a kujerarki ya tashi yana jin shi ma mutum ne. Na gode a madadin iyayen da kunya ko tsoro ya ɗaure wa baki. Allah ya saka miki, ya sassauta miki wannan gwiwar.

Ku kuma matasan malamai, masu sabon takalmi da waya a hannu, ba sai kun nemi izinin kowa ba kafin ku sa albasa a jaka. Ku ɗora wa yaro abu a gabansa ku tambaye shi me ya gani, ku jira ya amsa. Iyaye, in ɗanku ya kawo muku takarda mai babban maki, ku ce ya fassara muku. In kuka ji kun zama dogaye farare masu kyanwa, ku sa takalmi ku tafi makarantar.

To, taron.

A ofishin Ɗan Gado aka yi, ɗaki mai labule da fanka da hoton marigayi a bango. 'Yan kwamiti sun jeru a kujerun roba. Da na shiga, Auta ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Ɗan Gado ya ce, "Baba, wannan taron na 'yan kwamiti ne."

Na ce, "Ni na haifi kwamitin. Ci gaba, ɗana." Na ja kujera.

Malama na zaune a gefe, jaka a cinya. Ɗan Gado ya gyara murya, ya ce shi mai tausayi ne, ya duba shekarunta da hidimarta ga mahaifinsa. Za ta iya komawa ajinta gobe, da sharuɗɗa uku. Na farko, ta ba shi haƙuri. Ta riƙa koyarwa daga sababbin littattafai. Sannan ta tsaya a gaban yara a taron safe ta gaya musu cewa kawo mai shara aji kuskure ne.

Ta miƙe, sai da ta dafa tebur. Ta ce, "Ranka ya daɗe, liƙa takardun nan a bango ya ɓata maka rai, kuma da na tsaya na yi tunani da na kawo maka su ofis. Ka yi haƙuri. Littattafan ma zan buɗe su, akwai abin ɗauka a ciki."

'Yan kwamiti suka sauke ajiyar zuciya. Wani har ya fara tafi.

"Na ukun fa?" in ji Ɗan Gado.

"Na ukun ba zan iya ba."

"Magana ce fa ta minti ɗaya, Malama," in ji wata 'yar kwamiti mai zobba. "Ki faɗa kawai a wuce wurin. Yaran suna kewarki."

"Ni ma ina kewarsu, Hajiya. Amma sun ga hannun mutumin nan. In na tsaya na ce musu kuskure ne da suka kalle shi, za su yarda, don ni na faɗa. Wannan nake tsoro."

Ɗan Gado ya buga tebur. "Kin ga irin taurin kan da nake faɗa? A kan mai shara za ki zubar da aikin shekara da shekaru?"

Nan fa na kasa riƙe bakina. Na ce, "Ɗana, sharar gidanku wa yake kwashewa? Aljanu? Ubanka da ke jikin bangon nan, in Laraba ta yi har leƙowa yake ya tsaya a bayan aji. Ku kuma," na juya ga kwamiti, "an zuba muku siminti a baki ne? Auta, da kai nake!"

Auta ya ɗago, ya buɗe baki, ya kalli Ɗan Gado, ya ce, "A ganina dai... a yi haƙuri da juna." Shi ke nan abin da nonon da na ba shi ya iya fitarwa.

Ɗan Gado ya ce, "Na gama magana. Ko ki faɗa gobe da safe ki koma ajinki, ko ki koma ɗakin ajiya ki jira ranar sallama. Za mu yi miki walima, har da kyauta."

Malama ta kalle shi, irin kallon da take wa abin da ta ɗora a tebur, a tsanake, daga sama har ƙasa. Ya fara gyara wuyan riga. Ta sa hannu a jaka ta lalubo makullin ɗakin ajiya ta ajiye a gabansa.

"Ku sha walimarku," ta ce. "Inna, ki gaya wa yaran nan gidana ba nisa. Duk wanda uwarsa ta yarda, ya zo bayan an tashi, ya taho da fensir."

"In kika fita ƙofar nan, kin fita ke nan!"

Ta rataya jakarta. Ta taka a hankali tana jan ƙafa, duk muna jin sautin takalminta. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta juyo ta kama marikin da hannu biyu, ta maka ta da ƙarfin da sai da labule ya tashi.